Raket ɗin pikulbol na wasan cikin zaure: wanda ya cancanci kuɗinka

Pikulbol wasa ne mai kama da tanis, ana buga shi da raket marar zare da ƙwallon roba mai huji-huji. Raket iri huɗu muka buga da su a zauren da muke wasa a Katsina: na katako, na zaren gilashi mai kaurin milimita 13, na kabon (wani zare mai ƙarfi marar nauyi) mai kaurin milimita 16, da wani dogo siriri, shi ma na kabon. Filin kuwa na badminton ne na 'yan bibbiyu, tunda awonsu ɗaya da na pikulbol, ƙafa 20 a faɗi, 44 a tsawo, raga kawai ake saukewa ta dawo inci 36 a gefe, 34 a tsakiya. Ga wanda ba shi da lokacin karanta dogon bayani, mai milimita 16 ne zaɓinmu, mai faɗin fuska, wanda nauyinsa bai wuce giram 235 ba, in dai mariƙinsa ya dace da hannu.

Kafin a yi maganar raket, sai an san ƙwallon da zai buga. Ƙwallon cikin zaure huji 26 gare ta, manya-manya, robarta da laushi, ba ta da saurin tafiya. Ta waje huji 40 ce, ƙanana, ta fi tauri, an yi ta ne don kada iska ta ɗauke ta. Da yake ta ciki ba ta gudu, da wuya a kashe wasa da bugu ɗaya komai ƙarfin mutum. Ana ta mayar da ita har sai wani ya yi kuskure, kuma yawancin makin a bakin kicin ake cin sa, wato yankin nan mai ƙafa 7 daga raga inda ba a yarda ka bugi ƙwallo a sama ba sai ta taɓa ƙasa. A nan abin da ake buƙata shi ne raket da zai lallaɓa ƙwallo ta faɗi daidai bayan raga. Ƙari a kan haka, daɓen zaurukanmu galibi siminti mai sulɓi ne ko tarazo ko tayil, kuma da hunturu ƙura na kwanciya a kai, sai ƙwallo ta riƙa zamewa ƙasa-ƙasa ba ta tashi sosai. Mai faɗin fuska ne ke ceton mutum a irin wannan.

Na katako shi ne asali. Da shi aka fara wasan a 1965 a tsibirin Bainbridge na jihar Washington a Amurka, sai a 1984 wani injiniya, Arlen Paranto, ya ƙera na farko da kayan da ake aikin jirgin sama da su. Yana da arha, ba ya jin wahala, kafinta ma zai iya yanko maka shi daga filawud. Amma nauyinsa kan haura giram 280, kuma duk girgizar bugu a gwiwar hannu take ƙarewa. A ajiye biyu ko uku saboda baƙi da yara masu son gwadawa, shi ke nan amfaninsa.

Na zaren gilashi mai milimita 13 shi ne wanda yake ruɗin sabon ɗan wasa. Ƙwallo na taɓa shi take tashi da ƙarfi, mutum ya ji kamar ya iya. Dalili shi ne cikinsa, wato robar nan da aka saƙa kamar saƙar zuma, ba shi da kauri, ita kuma fuskar tana ɗan lanƙwashewa ta cilla ƙwallo. Daga ƙarshen fili yana da daɗi. Matsalar tana bayyana da an matso kicin: bugun da kake so ya kwanta sai ya ɗago sama da raga da taki guda, abokin hamayya ya make shi a ƙafarka. Wurin da ke ba da bugu mai kyau a fuskarsa ƙarami ne, in ƙwallo ta sami gefe sai raket ya murɗe a hannu. Ga kuma ƙara, wadda a zaure mai rufin kwano take amsa kuwwa har ta dami mai ƙirga maki. Duk da haka ba mu yar da shi ba. Ga dattawa da duk wanda hannunsa ba ya iya tura ƙwallo mai laushi har ƙarshen fili, wannan yana rage musu aiki.

Mai milimita 16 yana shanye ƙarfin ƙwallo. In an maka maka bugu mai zafi a ƙirji, tare shi kawai za ka yi, ƙwallon ta mutu ta faɗa kicin ɗinsu. Fuskar kabon ɗin tana da kaushi, in ka shafa yatsa za ka ji yana kamawa, shi ne ke murza ƙwallo ta nutse da wuri ko ta kauce bayan ta taɓa ƙasa. Awonsa kusan inci 16 a tsawo, 8 a faɗi, daidai iyakar dokar USA Pickleball, hukumar wasan ta Amurka, da ta ce tsawo da faɗi in an haɗa kada su wuce inci 24, tsawo shi kaɗai kuma kada ya wuce 17. Aibinsa guda ne: ba ya ba ka ƙarfi kyauta. In kana son ƙwallo ta kai layin baya, sai ka sa kafaɗa da ƙugu a bugun. Wanda ya saba da mai milimita 13 zai yi 'yan kwanaki yana zuba ƙwallo a raga kafin hannunsa ya daidaita.

Dogon kuwa, mai inci 16.5 da faɗin 7.5, tsofaffin 'yan tanis ne ke son sa, saboda mariƙinsa ya kai inci 5.5, hannu biyu na samun wuri. Yana kai wa ƙwallon da ta yi nisa, ya dace da wasan mutum ɗaya da ɗaya. A wasan bibbiyu, wanda shi aka fi yi a kulob saboda fili ɗaya ne kuma jama'a na jiran layi, nauyin da ke kansa yana sa hannu ya makara in aka shiga musayar sauri a gaban raga. Wannan darasi ne game da nauyi gaba ɗaya: raket biyu za su iya zama giram 225 a sikeli, amma ɗaya ya fi wuyar juyawa domin nauyinsa ya taru a kai. Ka riƙe shi ka kaɗa wuyan hannu hagu da dama da sauri, nan take za ka gane.

Mariƙi shi ne abin da masu saye suka fi rainawa, kuma shi ya fi jawo ciwon gwiwar hannu. Kewayensa yakan kama daga inci 4 zuwa 4.5. Ka samo tef ɗin awo na tela, ka auna daga layin tsakiyar tafin hannunka zuwa ƙarshen yatsan da ke kusa da ƙaramin, abin da ya ba ka shi ne awonka. Ko kuma ka riƙe raket, ka zura manuniyar ɗaya hannun tsakanin kan yatsunka da tudun tafi. In ta shiga daidai, ya yi. In kana shakka tsakanin biyu, ɗauki ƙaramin, domin ana iya naɗa masa tef ya ƙaru, babba kuwa ba a rage shi. Tef ɗin da ake naɗa wa raket ɗin tanis ko badminton yana yi, kuma ya fi sauƙin samu a shagunan kayan wasanni. A watan Afrilu, in aka ɗauke wuta fankoki suka tsaya, fatar da ta zo da mariƙin takan jiƙe ta yi santsi, mutum ya riƙa matse hannu fiye da kima, daga nan ciwon yake farawa. Tef mai shan gumi da ɗan tawul a aljihu sun fi ƙarin kuɗin raket amfani.

In raket yana murɗewa, ana manna masa tef mai nauyi, kamar giram 3 a kowane gefe, a daidai inda ƙarfe 3 da ƙarfe 9 suke a fuskar agogo. Yawancinsa na dalma ne, kuma bayan abin da ya faru da yara a Zamfara a 2010 ba sai an gaya wa ɗan arewa illar dalma ba. A rufe shi da salatif na lantarki, a wanke hannu, kada a bar ragowar inda yara ke wasa.

Zafi ne babban maƙiyin waɗannan raket a nan. Fuska da ciki gam ne ya haɗa su, haka ma robar da ta zagaye baki. A bazara garin kan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Raket da ya wuni a but, gam ɗinsa na saki, fuskar ta rabu da ciki, ko saƙar ta murƙushe. Ana gane wannan da kunne, yadda ake ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin a biya: ka bi fuskar kana bugawa da gaɓar yatsa, in wani wuri ya yi sautin holoƙo daban da sauran, ya lalace. Ka kuma danna tsakiya da manyan yatsu biyu; in ka ji ƙaras-ƙaras, cikin ya tafi, kuma ba a gyara shi. Robar baki kaɗai ake iya sake mannawa, ita ma a yi da wuri kafin ƙura ta shiga. Ƙurar hunturu da ɓurɓushin robar ƙwallo suna toshe kaushin fuska, tsumma mai ɗan danshi ya isa ya fitar da su. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da goga takardar yashi don ƙara kaushi, wanda doka ma ta hana.

Game da saye, yawanci ta intanet ne ko ta hannun mai dawowa daga tafiya, don haka ba ka samun damar riƙewa kafin ka biya. Masu arhar nan da ake haɗa raket biyu da ƙwallaye a jaka ɗaya, sau da yawa kaushinsu feshi ne aka yi a sama, yana gogewa bayan ɗan lokaci fuskar ta koma sumul, kuma ƙwallayen da ke ciki sukan zama na waje, sai ka ƙirga hujin. Rubutun amincewar USA Pickleball a jikin raket ba hujja ba ne, kowa na iya buga shi. Hukumar tana da jerin waɗanda ta amince da su a shafinta, a duba sunan samfurin a can. Kafin ka tura kuɗi, ka sa mai sayarwa ya ɗora shi a sikeli ya turo hoto, ya kuma faɗa maka kaurin ciki da awon mariƙi a rubuce. In ya kasa ba da waɗannan ukun, nemi wani.