Gungun tsofaffin kwamfutoci: wacce ya kamata ka saya?

Dabarar haɗa kwamfutoci su yi aiki tare ta daɗe. Tun 1994 aka jona kwamfutoci 16 na gama-gari a hukumar NASA ta Amurka, suka yi aiki tamkar inji ɗaya, aka raɗa wa tsarin suna Beowulf. Yanzu kuma kasuwa ta yi kyau: Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, ofisoshi na ta sauke injinan da Windows 11 ba ta karɓa. Mu da Linux za mu ɗora, wato babbar manhajar da ke maye gurbin Windows, gaba ta kai mu.

Ni dai zaɓina Lenovo ThinkCentre Tiny ne, M710q ko M720q. 'Yar ƙarama ce, ka jera uku a kan juna ba su cika kwanar tebur ba. Cajarta wat 65 ce, in tana zaune ba aiki kuwa ko kusa da haka ba ta ci, don haka ƙaramar inbata da sola suna ɗaukar ukun idan an ɗauke wuta. Tana da gurbin RAM (ma'adanar da kwamfuta ke aiki da ita) biyu na samfurin DDR4, kuma dunƙule ɗaya za ka kwance ka buɗe ta ka hure ƙurar hunturu. Uku nake cewa saboda Proxmox, manhajar da ke tafiyar da gungun, na buƙatar rinjaye: idan ɗaya ta mutu, biyun su ci gaba. Sai ka haɗa su da suwic, akwatin da ke haɗa wayoyin intanet ɗinsu, mai gudun gigabit.

Manyan akwatunan zamanin tsohuwar furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ta Core 2 Duo ko kyauta aka ba ka, kuɗin wuta zai rama. 'Yar mitsitsiyar kwamfutar nan Raspberry Pi ta yi tsada a kan ƙarfinta. Dell OptiPlex Micro ba laifi, sai dai in ba ta gane cajarta ba tana rage gudu.

Amma fa a kula da masu sayarwa! Na taɓa sayen huɗu a wurin wani, sai a gida na tarar biyu an kulle BIOS ɗinsu, wato shafin saitin injin, da lambar sirri, ɗaya kuma an manna mata sitikar Core i5 alhali furosesa mai rauni, Celeron, ce a ciki. Ya ce kayan da ya bar shago ba ya dawowa. Har yau abin yana ci mini rai.

Kada ka yarda da sitika. A kunna kowacce a gabanka, ka shiga BIOS da hannunka, ka karanta sunan furosesa da yawan RAM. Ka soka wayar intanet a raminta ka gwada shi, don wasu tsawa ta ƙone shi. Ka ɗaga cajar ka ji nauyinta, ta bogi sakayau take. Idan mai sayarwa ya ce babu wuta a shago, ka ce a tayar da janareta, ko ka riƙe kuɗinka.