Shafukan koyar da zane-zane a intanet: wanne ya dace da makarantarku kafin ku fitar da kuɗi?

Shafukan da malamin zane-zane zai iya dogara da su a intanet sun kasu gida huɗu: na gidajen adana kayan tarihi masu ba da hotuna, na bayanin tarihin fasaha, na bidiyon koyon aikin hannu, sai na kuɗi masu sayar da shiryayyun darussa na zango ko na shekara. Yawancin makarantunmu, na gwamnati da masu zaman kansu, ba sa buƙatar kashi na huɗun. Kuɗin da za a tura can da dala ya fi amfani in an sa shi a takarda, fenti da buga hotuna. Sai dai na kyautar ma ba duka ne ke aiki a ajin yara sittin da babu wuta ba, don haka akwai zaɓi a cikinsu.

Abubuwa uku ake dubawa a kowane shafi. Na farko, ana iya sauke abin a ajiye, ko sai da intanet yake buɗuwa? Na biyu, ya yi daidai da manhajar karatu ta hukumar NERDC, wato darasin al'adu da fasaha da malamai ke kira CCA a firamare da ƙaramar sakandare, da kuma abin da WAEC da NECO ke tambaya a babbar sakandare? Na uku, kayan da darasin ke nema ana samunsu a kasuwar garinku?

Hotuna: nan ne ribar take

Abin da ya fi ƙaranci a ajin zane a wurinmu shi ne hoto mai kyau da yara za su kalla su yi magana a kansa. Hoton da ke cikin littafin aji ƙarami ne, sau da yawa baƙi da fari, kuma ya dushe.

Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saki hotunan kayansa kimanin 375,000 a watan Fabrairu na 2017 ƙarƙashin alamar CC0, ma'ana a sauke, a buga, a sa a takardar jarrabawa ba tare da neman izini ba. Cibiyar Smithsonian ta bi sahu a 2020 da hotuna miliyan 2.8. Su biyun suna da sashen Afirka, Metropolitan kuma yana da babban sashen fasahar ƙasashen Musulmi. A nemi alamar a ƙarƙashin kowane hoto, domin ba duk abin da ke shafin ne aka saki ba, musamman aikin masu fasahar da ke raye ko waɗanda ba su daɗe da rasuwa ba. British Museum na Landan ya fi su kayan Najeriya, daga tagullar Benin zuwa manyan riguna masu aiki, amma sharaɗinsa daban ne: a ambaci sunan gidan, kuma kada a sa hoton cikin abin da za a sayar. Malamin da ke haɗa ɗan littafi yana sayar wa ɗalibai ya kula da wannan. Malaman Nijar, Kamaru da Chadi masu koyarwa da Faransanci suna da shafin Louvre, wanda ya buɗe bayanan kayansa sama da 480,000 a 2021.

Google Arts & Culture, wanda ya fara a 2011, ya tattara gidajen tarihi sama da 2,000 wuri guda, kuma ana iya zuƙo hoto har a ga sawun burushi. A 2022 ya ƙara shirin Mali Magic mai ɗauke da dubban shafukan rubuce-rubucen Timbuktu, abin da ke da amfani sosai ga darasin rubutu da zayyana. Matsalarsa biyu ce: yana shan data, kuma an gina shi don kallo ne, ba don saukewa ba. Ya dace da malami yana shirin darasi a waya. Bai dace a dogara da shi a tsakiyar darasin minti arba'in ba.

Kafin a buga hoto a duba girmansa. Don ya fito tas a takardar A4 ana son fiksel 2480 da 3508. Rabin haka ma zai wadatar in daga nesa za a kalla, amma ƙasa da fiksel 1200 a dogon gefe zai fito dishi-dishi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tura wa mai firinta hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta matse shi. A tura shi a matsayin fayil, ko a kai shi a filash. Ga ajin yara sittin, kwafi goma na A4 mai launi, an rufe su da leda mai zafi, yara shida-shida a kan kowanne, sun fi ƙaramin majigi amfani, kuma za su yi shekaru. Majigin da zai nuna launi daidai a aji da rana tsaka yana buƙatar hasken da ya kai lumen 3000 na ma'aunin ANSI. Ƙananan masu araha da ake tallatawa ba sa kusantar haka, sai an rufe tagogi, ga zafi.

Wani abu da bai kamata a yi sakaci da shi ba: kada a buɗe waɗannan shafuka kai tsaye a gaban yara, kuma kada a ba su aikin gida su je su bincika da kansu. Zanen Turai cike yake da siffofin tsiraici da hotunan da aka ce na annabawa ne, wasu tsofaffin littattafan Farisa ma suna da irin na biyun. Malami ya zaɓa shi kaɗai, ya sauke, ya ajiye a babban fayil na kowane aji. Hoto guda da ya faɗo bisa kuskure zai iya sa iyaye su juya wa darasin baya gaba ɗaya, alhali akwai dubban hotunan gine-gine, saƙa, tukwane, tsirrai da zanen lissafi da babu mai ƙorafi a kansu.

Bayani ga malami

Smarthistory, wanda Beth Harris da Steven Zucker suka kafa a 2005, shi ne mafi inganci a wannan fanni, kuma kyauta ne. Masana ne ke rubuta shi, bidiyonsa gajeru ne, mutum biyu suna tattaunawa a gaban aikin. Akwai bayani kan allunan tagullar Benin da babban masallacin Djenne. Turancinsa ya yi wa ɗan ƙaramar sakandare nauyi, saboda haka malami ne zai karanta ya sauƙaƙa. Metropolitan kuma yana ba da littattafan jagorar malamai kyauta a PDF, ciki har da ɗaya kan fasahar Afirka da wani kan zanen lissafi na Musulunci mai nuna mataki-mataki yadda ake fitar da tauraro mai kai shida ko takwas daga da'ira. Wannan na ƙarshen kamar don mu aka yi shi: kamfas, rula da fensir kawai yake nema, kuma yaran da suka saba ganin zayyana a allo da adon bangon masallaci nan da nan suke kama shi.

Ga masu shirin jarrabawa, shafin WAEC na koyo yana da rahotannin manyan masu gyaran takarda, inda ake faɗin inda ɗalibai suka gaza a kowace tambaya. Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a 2022, an tsara shi ne bisa manhajar ƙasa, har da darussa da Hausa. A shiga a duba ajin da ake koyarwa tukuna kafin a nemi na waje.

Abin da waɗannan shafuka suka gaza a kai shi ne fasahar ƙasar Hausa. Za a sami tsofaffin kayan yumɓu na Nok, da Ladi Kwali mai ginin tukwane da hotonta ke bayan naira ashirin, da ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya ta 1958 da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Amma dagi, aska takwas, zanen ƙwarya, aikin dukawa, adon soro na Zariya da Damagaram, duk kaɗan ne kuma a warwatse. Shafin Archnet yana da hotunan masallacin Yaama na jihar Tahoua, wanda Falke Barmou ya gina kuma ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Wikimedia Commons yana da hotunan marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, bisa sharaɗin a rubuta sunan wanda ya ɗauka. Sauran giɓin wayar malami ce za ta cike shi. A nemi izinin mai gida ko mai sana'a, a ɗauki bango da safe lokacin da hasken ke zuwa ta gefe don zanen ya fito, a tsaya saitin abin ba a karkace ba, a rubuta wuri da sunan maƙerin ko maginin.

Bidiyo

YouTube ya cika da tashoshin koyon zane. Art for Kids Hub yana jan hankalin ƙananan yara, amma salonsa na “ja layin nan kamar yadda na ja” ne, sakamakon kuma hoto iri ɗaya sau sittin. Sau ɗaya ko biyu a zango ya isa. Jarrabawar babbar sakandare tana neman ɗalibi ya zana abin da aka ajiye a gabansa, kamar buta, kwando ko reshen ganye, kuma kwaikwayon bidiyo ba ya koyar da kallo da awo. Drawabox ya fi kusa da wannan buƙata. Darussansa a rubuce suke, kyauta, suna horar da hannu a kan layi, siffar ƙwai da ta akwati, kuma biro da takarda sun wadatar a matakin farko. Proko yana da kyau wajen bayanin haske da inuwa, amma sashen zanen jikin mutum yana amfani da masu tsayawa tsirara, sai a tace.

Awa guda na bidiyo a ƙaramin inganci na 360p tana cin kusan megabait 300, a 720p kuwa gigabait ɗaya ko fiye. Layin fensir ba ya fitowa sosai a 360p, saboda haka 480p ce tsaka-tsaki. A sauke da dare, malami ya kalla sau biyu, ya gwada da hannunsa, sannan ya nuna a allo da alli. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta ta sa manhajar zane ta Tux Paint ga 'yan firamare, Krita ga manya. Dukansu kyauta ne kuma ba sa neman intanet, sai dai Krita tana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi.

Na kuɗi, da wanda ya kamata ya biya

AccessArt da Twinkl daga Ingila suke, Deep Space Sparkle da The Art of Education University daga Amurka. Abin da suke sayarwa shi ne tsari: darasi bayan darasi, jerin kaya, hanyar ba da maki. Aikin nasu mai kyau ne, kuma makarantar da ke bin manhajar Ingila tana shirya ɗalibai don jarrabawar IGCSE za ta amfana, musamman da AccessArt, wadda ƙungiyar jinƙai ce kuma take mai da hankali ga gwaji da littafin zane na ɗalibi. Ga makarantar da ke bin NERDC, rabin abin da aka biya ba zai shiga aji ba. Darussan suna bin lokutan can, dusar ƙanƙara da bukukuwansu, kuma suna ɗauka cewa akwai famfo a aji, da tanderun gasa yumɓu, da yara ashirin da biyar.

In har za a biya, a fara da wata guda. A tambaya ko lasisin na malami ɗaya ne ko na makaranta, ko abin da aka sauke zai ci gaba da halatta bayan wa'adin ya ƙare, kuma a kashe sabuntawa ta kai-tsaye ranar da aka biya, domin canjin dala na iya tashi kafin wata shekara. Takardun Amurka kuma a girman Letter suke, milimita 216 da 279, ba A4 mai 210 da 297 ba. In ba a zaɓi “daidaita da takarda” wajen bugawa ba, gefen zai yanke. Inci 9 da 12 da suke yawan ambata kusan santimita 23 da 30 ne.

Mayar da darasin zuwa kayan gida

Ko na kyauta ne ko na kuɗi, darasi yakan lalace ne a wajen kaya. Fentin ruwa a kan takardar firinta mai nauyin giram 70 ko 80 zai sa ta lanƙwashe ta yage, domin an shirya darasin ne da takarda mai giram 200 zuwa 300. Farin kwali da aka yanka gida takwas ya fi kusa. Aikin manna takarda da sitaci yana yin funfuna da damina in an jera fiye da shimfiɗa uku kafin ta bushe. Yumɓu kuwa da hunturu yake tsagewa, saboda waje ya bushe ciki na da danshi. A rage kaurin zuwa ƙasa da santimita biyu, a rufe da leda kwana biyu ko uku a inuwa, sannan a buɗe a hankali. A cuɗa shi sosai tun farko, kuma kada a kai wa mai tukwane ta gasa sai ya bushe ƙarƙaf, in ba haka ba zai fashe a wuta.

Inda aka ce a sayi fenti mai tsada, ƙaro na iya tsayawa. Awo ɗaya na dakakken ƙaro, awo biyu na ruwan ɗumi, a bar shi ya kwana, a tace da tsumma. A haɗa da jar ƙasa, farar ƙasa ko garin gawayi da aka tankaɗe da rariya mai laushi. In fentin ya bushe yana gogewa a yatsa, ƙaron ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana tsattsagewa, ya yi yawa. Ruwan ƙaro yana tsami cikin 'yan kwanaki a lokacin zafi, don haka a haɗa na mako guda kawai, a rufe a kwalba, kuma malami ya gwada a kan irin kwalin da yaran za su yi amfani da shi kwana ɗaya kafin darasin.