Wata shida da rediyon oba-oba a cikin akori-kurata

Bayan na samu lasisin rediyon 'yan sha'awa, na gaji da 'yar ƙaramar oba-oba ta hannu, domin daga cikin mota muryata ba ta zuwa ko'ina. Shi ya sa na sayi Icom IC-2730, mai aiki a zangon megahaz 144 da 430, da ƙarfin wat 50. Abin da ya fara burge ni shi ne fuskarsa daban take da gangar jikinsa. Jikin na ɗaure shi a ƙarƙashin kujera inda iska ke ratsawa, fuskar kuma na kafa ta a dashbod. Yana sauraron tasha biyu a lokaci guda, kuma har yau bai ba ni matsala ba.

Matsalolin duk ni na jawo su. Da farko na sa shi a ramin kunna sigari don lalaci. Ina danna makirfo da cikakken ƙarfi sai fis ya tashi, ashe yana jan wuta fiye da amfiya 10. Dole na ja waya mai kauri kai tsaye daga batir, na sa fis dab da kan batirin, na bi da ita ta robar da ke bangon injin don kada ƙarfe ya yanke ta. Wani siririn kuka da ke tashi idan na taka totur, wanda daga altaneta yake zuwa, shi ma ya ragu sosai.

Eriya ce ta fi cin raina. Na soma da mai maganaɗisu, ƙura ta shige ƙarƙashinta ta goge fenti. (Masu Ford F-150 na 2015 zuwa sama ma kada su wahala, bodinsu alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kamawa.) Na mayar da ita gefen akori, sai mitar SWR, mai nuna yawan ƙarfin da eriya ke maidowa cikin rediyo maimakon ta watsa (ƙaramar lamba ta fi kyau), ta haura 2, ga kan motar ya tare ta ta gaba. Akori da kan mota ba haɗe suke sosai ba ta fuskar lantarki, sai an ɗaure su da lafiyayyar wayar tagulla.

Sati uku ina jan ƙafa kafin na yarda a huda rufin. Rami ɗaya ne, milimita 19, aka ɗaura mazaunin eriya da ake kira NMO, da eriya mai tsawon kusan santimita 49. SWR ta sauko ƙasa da 1.5, tashar maimaita saƙo da a da nake ji da ƙyar ta fito tangaran. Ruwan sama kuwa ko ɗigo bai shigo ba, sai dai yanzu nakan sassauta idan zan shiga ƙarƙashin rassan bishiya.