Na je koyon Sifaniyanci lokacin bikin Fallas ta hannun wani ofishi a Accra, ga yadda ta kaya

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da na dawo mutane ke tare ni a unguwarmu Nima a Accra suna tambaya wai ofishin nan da ya shirya mana tafiya Sifaniya ya ci kuɗinsa ko kuwa, har wata ƙanwata daga Aboabo can Kumasi ta kira ni sau uku a kan maganar, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Ba zan kama sunan ofishin ba. Aikinsu dai su haɗa ka da makarantar koyon yare a can, su nemo maka gidan da za ka sauka, su taya ka haɗa takardun biza, sannan su saita tafiyar ta faɗo daidai da wani bikin gargajiya na ƙasar.

Zaɓi uku suka ba ni. Akwai Tomatina a garin Buñol, Larabar ƙarshe ta watan Agusta, inda ake jifan juna da tumatir, ni kam da na san yadda iyayenmu mata ke fama da tsadar tumatir a kasuwar Malam Atta zuciyata ba za ta ɗauka ba. Akwai San Fermín a Pamplona daga 6 zuwa 14 ga Yuli, masu gudu a gaban bijimai, wannan Hajiyarmu ta ce ko da wasa. Sai na ɗauki Fallas na birnin Balensiya, bikin da ake kafa manyan mutum-mutumi a tituna sannan a ƙona su, na tafi sati uku a watan Maris na 2024.

Gaskiya tsarin karatun ya burge ni. Da safe muna aji, da an tashi sai malamarmu ta kwashe mu a ƙafa zuwa filin gaban ofishin magajin gari, don kullum ƙarfe 2 na rana daga 1 zuwa 19 ga Maris ana yin abin da suke kira mascletà. Ba wasan wuta na kallo ba ne, na ji ne, albarushi ake fasawa bi da bi kamar ana kiɗan ganga, ya fara a hankali yana hawa yana hawa har ka ji ƙasa na rawa a tafin ƙafarka ƙirjinka na bugawa tare da shi, minti biyar zuwa bakwai an gama. Wata tsohuwa a gefena ta ga na toshe kunne sai ta janye min hannu tana cewa abre la boca, wai in buɗe baki ya fi. Wallahi wannan jimlar har in mutu ba zan manta ta ba, kuma nan na gane amfanin abin, shekara biyu ina karatun yaren nan a jami'ar Gana da ke Legon amma bakina bai sake ba sai a cikin wannan turmutsutsun. Malamar tana ba mu aiki kullum, je ka tambayi mutum uku me wannan mutum-mutumin yake nufi, gobe ka zo ka faɗa a aji.

Su fallas ɗin gine-gine ne na katako da kwali da soso, wasu sun kai tsayin bene mai hawa biyar ko fiye, kowace unguwa da nata, shekara guda ana haɗawa, yawanci zambo ne ga 'yan siyasa da halin zamani. An ce asalinsa kafintoci ne ke ƙona ragowar katako a jajibirin ranar waliyyinsu Yusufu, kuma UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016.

To a nan ne na fara jin haushin ofishin. Babu wanda ya gaya mana cewa rubutun da ke jikin fallas ɗin galibi ba da Sifaniyancin da muke koya aka yi ba, da yaren Balensiya ne, nasu na gida. Kamar ka turo baƙo Kumasi ya koyi Turanci ya tarar duk abin dariyar da Twi ake yi. Na tsaya gaban allo da ƙamus a waya ina nema ban samu ba, har raina ya ɓaci na ɗauka karatuna ne ya gaza. Magana ɗaya da sun yi a Accra da ta wadatar.

Na biyu azumi. Ramadan ya kama muna can, kuma na faɗa musu tun farko ni Musulmi ne, suka ce ba matsala, ashe ba su sanar da gidan da na sauka ba. Matar gidan mutuniyar kirki ce, ranar farko ta kawo min burodi da naman alade da zuciya ɗaya, da na yi mata bayani kunya ta kama ta sosai, daga ranar kifi da ƙwai take min, har takan ajiye min abin sahur a firji. Ni da kaina na gano unguwar Russafa inda ake samun mahautan halal, wani ɗan Maroko a can ya nuna min masallaci. Barci kuma sai haƙuri, ka yi sahur ka kwanta, gari na wayewa 'yan unguwa sun fito da nakiyoyin wasa da 'yan busa suna tada mutane, despertà suke ce masa.

Amma shan ruwa, kai jama'a. Ranar da aka miƙo min horchata na kurɓa sai na tsaya, ai kunun aya ne! Ayar nan tamu da Asantawa ke kira atadwe, su chufa suke ce mata, ana noma ta a Alboraya kusa da birnin. Na haɗa da buñuelos, wani soyayyen fulawa da kabewa mai kama da fanke, sai na ji kamar ina ƙofar gida a Nima. Na gaya wa mai shagon mu ma muna sha a Gana, muka yi hira ta fi minti ashirin, ita ce hira mafi tsawo da na taɓa yi da yaren.

Daren 19 ga wata aka cinna wa komai wuta. Ƙananan mutum-mutumi biyu da jama'a suka zaɓa da ƙuri'a ne ake tsamewa a kai gidan tarihi. Ina tsaye zafin wutar na dukan fuskata, 'yan kwana-kwana na fesa ruwa a bangon gidaje, wata yarinya cikin kayan gargajiya tana kuka riƙe da hannun babanta, ni ma sai da idona ya ciko.

Ƙanwata, in za ki je ta hannunsu ki je, makarantar da suka haɗa ni da ita ta yi kuma ba su ɓoye min kuɗi ba. Sai dai ki sa su rubuta wa gidan maganar abinci da sallah a gabanki, ki duba kalandar azumi, ki kuma tambayi ko wane yare ake yi a titin garin kafin ki biya ko sidi ɗaya.