Sun wanke faifan har ya koɗe

Na sayi sabon gyaran wani kundin rege na shekarun 1970 da nake ƙauna, saboda an rubuta a bayansa cewa daga tef na asali aka sake tace sautin. Tsohon sidin da nake da shi duk ya karce, sai na ce to, Allah ya kawo magajinsa. Ashe da sauran rina a kaba.

Duk mai jin rege ya san bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, shi ke riƙe da gidan. A kowane zagayen bugu huɗu, mai ganga kan bar bugun farko fayau, sai a na uku ya sauke, bes kuma ya yi ta yawo a wannan filin. A waƙa ta uku akwai inda ganga ke ɗaukewa gaba ɗaya, a bar bes da murya kawai. A tsohon sidin, nan ɗakin ke yin tsit, in gangar ta dawo sai ka ji kamar an mare ka. A sabon kuwa, wallahi ban ma lura ta tafi ba, balle in ji dawowarta. An matse sautin, mai taushi da mai ƙarfi duk an ɗaga su sun yi kai ɗaya, irin gasar ƙara da ta addabi faifai tun ƙarshen shekarun 1990. Kafin waƙa ta biyar kunnena ya gaji, na rage.

Kuma sun share ɗan hucin nan na tef, sssss. Na yarda, an samu tsabta. Amma tare da shi suka kwashe wutsiyar amsa-kuwwa, wadda ita ce gishirin situdiyoyin Kingston, babban birnin Jamaika, na lokacin.

Ban yi niyyar buɗe sabon gyaran wani kundin kiɗan rok da na sayo tare da shi ba, don raina ya ɓaci. Da na sa, sai jikina ya yi sanyi. Na ji yatsan mai jita yana zamewa a kan tsirkiya, na ji mawaƙin yana jan numfashi kafin amshi, abin da shekara da shekaru ban san yana ciki ba. Har na fara cewa ƙila na zalunci na farkon, ƙila lasifikata ce.

Sai na daidaita ƙarar tsohon sidin rege da ta sabon, na riƙa sauya su a waƙa ta ukun nan. In ba ka daidaita ba, mai ƙara ne zai ruɗe ka ka ce ya fi daɗi. Da suka yi daidai, asiri ya tonu: sabon ya kwanta shame-shame, tsohon mai karce yana numfashi. Ba lasifika ba ce.

Na rok ɗin yana nan cikin na'ura. Na rege na mayar cikin kwalinsa, ina goge tsohon da gefen rigata, ko waƙa ta shida za ta daina tsalle.