Depo ko Teku: Wanne Ya Fi wa Ɗan Zariya?

Ɗan Zariya in ya so kaki, Depo, barikin horas da sojan ƙasa da ke garin, ce ke fara faɗo masa a rai. Tun 1924 ake horas da kurata a nan, ga kuma makarantar soja ta yara da aka buɗe a 1954. Wa bai taɓa ganin kurata ba, kai a aske ƙwal, suna gudu ƙura na bin su? Wata shida ana gasa ka, amma kusa da gida. Bayan nan fa? Sau da yawa daji ne: Borno, Zamfara, Birnin Gwari.

Rundunar sojan ruwa kuwa, wadda aka kafa a 1956, sai ka dangana da makarantar horonta da ke Onne a jihar Ribas. Yaron da bai san ruwan da ya wuce Kubanni ba, ga shi ana koya masa iyo da ɗaurin igiya. A jirgi gado hawa-hawa ne, gadi awa huɗu-huɗu, ga jiri da amai in teku ta harzuƙa. 'Yan fashin teku da ɓarayin ɗanyen mai ma ba kanwar lasa ba ne. Amma mutum kan fito da sana'a a hannu, ta inji ko lantarki.

Ni dai ƙanena ruwa zan tura shi, ko da Inna za ta yi ta faɗa.