Sharhi: lungun teku kusa da Ebodje da mai kwale-kwalen da ya kai mu

Yawancin mutanenmu na Garwa da Marwa in sun je Kribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru, iyakarsu Lobe, inda kogi ke zubowa kai tsaye cikin teku. A ɗauki hoto, a ci jatan lande, a juyo. Mu dai muka zarce kudu ta hanyar Campo zuwa Ebodje, ƙauyen masunta 'yan ƙabilar Iyasa, kusan kilomita 50 daga Kribi. Babura muka hau, mun kuwa sha jijjiga.

A can muka yi ciniki da wani dattijo ya kai mu wani lungu da duwatsu suka kewaye, wanda ƙafa ba ta kai wa sai ruwa ya janye. Sanin ruwansa shi ne abin da muka biya, kuma ya ci kuɗinsa. Da muka matso bakin duwatsun sai ya tsaya cak, yana ƙirga igiyar ruwa da ido. Abokina ya ƙosa ya ce, "Baba, mu shiga mana." Ko waiwayowa bai yi ba. Sai da manyan suka wuce ya soka matuƙi, muka sulale ciki. Wanda ya saba da Binuwai ko tafkin Lagdo kada ya ɗauka ya san ruwa, na nan ja yake yi ta ƙasa.

Ciki babu kowa, babu rumfa, babu mai talla. Itatuwan kurmi sun sauko har bakin yashi, ƙaguwa na ta shiga ramukansu. Mun yi alwala da ruwan teku, muka ba shi baya muka yi azahar, don alƙibla a nan gabas ce maso arewa. Dattijon ya nuna mana inda kunkurun teku ke haƙa rami su yi ƙwai, ya ce da dare suke fitowa, an fi ganinsu daga Nuwamba zuwa Janairu, kuma mutanen garin suna tsaron ƙwan.

Abin da ban ji daɗinsa ba, babu rigar kariya daga nutsewa ko ɗaya a jirgin, ga ruwa na tsattsafowa ta ƙasa, yaron dattijon na ta kwarfewa da yankakken galan. Ni kam ba zan sa yara a ciki ba. Ƙananan ƙwarin bakin yashi ma sun cinye mana ƙafafu.

Mai niyya ya nemi rigar kariya daga nutsewa tun daga Kribi, ya riƙe ruwan sha da guzuri, ya kuma gama cinikin zuwa da dawowa kafin a tura jirgi.